Laima Ta Ɓata Mini Raƙuman Mas'udu

Sallama gare ku, 'yan uwa masu karanta ni. Yau ku yi mini afuwar doguwar gaisuwa, abin da ke cikina ya fi ƙarfinta. Aikin wata shida na ɓata da hannuna cikin minti biyu ranar Laraba da safe, kuma ba shi ne ma babban abin da ya faru a gidanmu cikin satin nan ba.

Ga wadda yau ta fara haɗuwa da ni, sunana Najiba, shekarata ashirin da biyar, a Birnin Ƙonni aka haife ni. Babana shi ne Illo mai fenti, wanda ya yi shekara talatin yana fentin motoci a wani garaji bakin hanyar Tawa. Shekara uku ke nan da ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke, sai kalma ɗaya-ɗaya da yake fizgowa da ƙyar. A lokacin ina shekarar ƙarshe a makarantar horon malamai. Na zo gida da ƙaramar jaka da niyyar sati biyu, ban koma ba har yau.

Mu uku ne wurin iyayenmu. Yaya Yusuf yana Abijan tun kafin ciwon Baba. Yaya Fadila tana aure a Tsarnawa da 'ya'yanta huɗu, takan leƙo ranar kasuwa da ƙullin wake ta koma kafin la'asar. Inna kuwa ƙaramar mace ce, ga ciwon baya. Ita ke yi wa Baba wanka da sauran abin da ya kamaci mata, amma ɗagawa da juyawa da zaunarwa duk ni ce. Sau shida a yini nake sa kafaɗata ƙarƙashin hammatarsa. Shekara uku ban kwana ko'ina ba sai ɗakin nan nawa mai kallon nasa. Ko bikin ƙawata ban taɓa kai awa biyu a ciki ba.

Shi kuma Mas'udu malamin lissafi ne a wata lakwal, wato makarantar boko, a Malbaza, asalinsa ɗan Badagishiri. Wata shida baya ya yi sallama ƙofar gidanmu yana neman Illo mai fenti, bai san Baba ya kwanta ba. Yana koya wa ɗalibansa eshek, darar nan ta Nasara mai 'ya'ya talatin da biyu, sai ya sa wani masassaƙi a Tajaye ya sassaƙa masa 'ya'yan da siffar abubuwan ƙasarmu. Akwai rumbuna huɗu, raƙuma huɗu, masu rawani huɗu, sarki biyu, sarauniya biyu, da manoma goma sha shida kowanne da malafarsa. Duk ba su wuce tsawon yatsa ba, kuma babu ido babu baki a fuskokinsu, don kada a samu abin faɗa.

Na leƙo daga bayan labulen zaure na ce masa Baba ba ya aiki. Ya yi addu'a, ya juya zai tafi, sai na ji bakina ya ce, "Ni ma na iya." Tun ina ƙarama nake wanke wa Baba buroshi ina satar yin zane a kan tsofaffin ƙofofin mota.

Masassaƙin huɗu-huɗu ko biyar-biyar yake gamawa, shi ya sa Mas'udu ke zuwa kusan kowace Lahadi a kan babur ɗinsa, ya kawo sababbi ya duba tsofaffi. Ɓangare ɗaya na yi musu shuɗi irin na baban rini, ɗayan ja irin na ƙasar Ader. A gefen gadon Baba nake aikin, bisa faranti a kan cinyata, yana bin hannuna da ido. Ban san lokacin da hirar zaure ta tashi daga maganar fenti ta koma wani abu ba. Na dai tsinci kaina ina goge hijabina mai ruwan zuma tun ranar Asabar, ina zizara kwalli don mutumin da ya zo karɓar raƙuman katako.

Sau biyu kawunsa ya aiko yana so ya zo gaisuwa. Sau biyu Inna ta tura wa ƙanin Baba, Baffa Liman, cewa a ce su dakata, mai gida ba lafiya. Baba bai san ko ɗaya ba. Inna ta ce lokotoro, likitan da ke duba shi, ya hana a faɗa masa abin da zai tada masa hankali.

To, ranar Talata da hantsi ina dama wa Baba kunu waya ta yi ƙara, saƙon Mas'udu ne.

"Najiba, takarda ta fito. An mai da ni Gure, can ƙasar Damagaram. Farkon Oktoba zan kama aiki."

Ban ko ajiye ludayin ba wani saƙon ya shigo.

"Ba ni so in tahi in bar magana a buɗe. Jibi Alhamis zan zo karɓar kayan, gasar yara ranar Asabar ce a Tawa. Ki ba ni amsa in ba Kawu."

Gure! Na san tafiyar yini guda ce cur a mota. Na ba Baba kununsa cokali-cokali, na goge masa baki, na fito na samu Inna a madafa tana tsince shinkafa. Na durƙusa na faɗa mata.

Ba ta ɗago ba. "Allah shi ba shi sa'a can inda za shi."

"Inna, amsa yake so."

"Amsar mi?"

"Inna..."

Ta ajiye tiren, ta dube ni. Idonta ba na faɗa ba ne, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. "Najiba, ni ban hana ki aure ba. Wace uwa ka son ɗiyarta ta tsufa gabanta? Amma ki hwaɗa mini, in kin tahi Gure, wa ka tada babanki? Ni? Ki dubi bayana. Fadila za ta baro mijinta da ɗiyanta? Ki ba ni sunan mutum guda, yau ɗin nan in sa a kira kawun yaron."

Na tashi na koma ɗaki.

Da asubar Laraba aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, irin ruwan Agusta da ke cika tsakar gidanmu har gindin turmi. Gari ya waye babu rana, bango yana gumi, tabarma ta yi sanyi, ashana ma sai da na ƙyasta biyar kafin ɗaya ta kama. Abu ɗaya ya rage a aikin, shi ne berni, man nan da ake fesawa bisa fenti don kada hannu ya goge shi. Mas'udu ya kawo mini gwangwani biyu na feshi daga Yamai, ɗaya mai ƙyalli, ɗaya marar ƙyalli, ya ce marar ƙyallin yake so don kada haske ya dame yara wurin wasa.

Ku yarda da ni, ban kasance cikin hankalina ba. So nake kawai in gama, in miƙa masa kayansa, in ce ya je Allah ya haɗa shi da wadda ba a ɗaure take ba. Na jera su duka talatin da biyu bisa kwali a ƙarƙashin rumfa, ruwa na ɗiga daga bakin kwano. Na ɗauko gwangwanin marar ƙyallin daga ƙasan gado inda ya kwana bisa siminti, sanyi ƙalau. Sau biyu ko uku na girgiza shi. Na tsaya can nesa don kada ya taɓa zanen jikina, na danna, na yi ta fesawa har sai da na ga sun jiƙe.

Da farko sun yi kyau. Na shiga na juya Baba, na fito.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Sun yi fari. Duka. Kamar an tankaɗe musu garin gero. Shuɗin da na yi kwana da kwanaki ina haɗawa ya koma ruwan toka. Ƙananan zanen da na yi wa siradin raƙuma da buroshi mai gashi uku sun ɓace ƙarƙashin wani farin abu mai kaushi. Sarauniyar da na yi wa zane mai ɗigo-ɗigo, ɗigo arba'in da wani abu, ta koma kamar wadda aka tono daga murhu.

Na sa gefen zanena na goga. Bai fita ba. Na sa ruwa, ya ɗan yi duhu, yana bushewa ya dawo. Na tuna wata ta taɓa cewa mai yana gyara irin wannan, na ɗebo man gyaɗa a madafa na shafa wa rumbu ɗaya. Launin ya fito, amma sai ga shi yana naso a hannu, ƙura da zaren tsumma duk sun manne masa. Yaro ba zai riƙe wannan ya yi wasa ba.

Waya ta yi ƙara. Mas'udu ne: "An gama? Yara sai tambaya suke."

Na rubuta, "Saura kaɗan." Ƙarya ta farko da na taɓa yi masa ke nan.

Na kwashe su cikin faranti na shiga da su ɗakin Baba, don nan ne kawai wurin zamana. Na zauna ƙasa na haɗa kai da gwiwa. Ba na kuka gabansa, doka ce na sa wa kaina tun shekarar farko, amma ranar na karya ta.

Sai na ji ƙwanƙwasa. Cokali yake bugawa a jikin ƙarfen gado da hannun hagu, haka yake kira. Na share ido na tashi da sauri, na ɗauka fitsari ne. Ya girgiza kai, ya nuna farantin.

Na miƙa masa raƙumi ɗaya. Ya juya shi, ya kawo kusa da ido, ya shafa da babban yatsa, ya kai hanci ya shinshina. Sannan ya kalli taga inda ruwa ke ɗiga. Bakinsa ya yi ta motsi, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Lai... laima."

"Baba?"

"Laima. Uwata... laima."

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Na fi wata biyar ban ji ya haɗa kalma uku a jere ba.

Ya nuna gwangwanin. Na kawo. Ya taɓa shi da bayan hannu, ya ɓata fuska, alamar ya yi sanyi. Ya girgiza shi kusa da kunne, ƙwallon da ke ciki ya yi ƙara, ya dube ni da tambaya. Na ɗaga yatsa uku. Wallahi sai da ya rufe ido don takaici, irin yadda yake yi wa masu koyon aiki a garaji da can. Ni da ke kuka sai ga ni ina dariya.

Da hannu da ido da kalma ɗaya-ɗaya ya fahimtar da ni abin da na yi. Iska cike take da ruwa, bernin ya rufe danshin a ƙarƙashinsa. Gwangwanin ya yi sanyi kuma ban girgiza ba, garin da ke kashe ƙyalli ya fito a dunƙule. Na kuma tsaya nesa, feshin ya bushe a iska kafin ya sauka, ga shi na labta da yawa. Laifi huɗu a aiki ɗaya.

"Za su gyaru, Baba?"

Ya nuna ɗaya gwangwanin, mai ƙyallin. Ya nuna sama. "Rana."

Na ce babu rana. Ya ɗaga kafaɗarsa mai lafiya. "Gobe."

Ya sa na wanke rumbun nan da sabulu sau uku har man ya fita. Ya sa na jera sauran bisa faranti na ɗora can saman kabad inda ba danshi. Daga nan ba abin yi sai jira. Yinin Laraba duka na yi shi ina leƙen sama kamar manomi, sai dai ni roƙon Allah nake kada ruwa ya sauko. Allah ya yafe mini.

Alhamis rana ta fito tun da safe, mai zafi. Kafin azahar tsakar gida ta bushe, shanyar Inna ta yi ƙarau. Baba ya buga cokali. Da na zo sai ya nuna ƙofa, ya nuna ƙirjinsa.

"Waje kake so, Baba?"

Inna ta taso daga madafa. "Wane irin waje? Malam, rabonka da tsakar gida tun ƙaramar salla. In iska ta buge ka fa?"

Bai dube ta ba. Ya ci gaba da nuna ƙofa. Na sa masa farar rigarsa da hula, na sa kafaɗa, muka fito taku-taku, ƙafarsa ta dama tana jan ƙasa. Na zaunar da shi a kujerar roba ƙarƙashin dalbejiya, na tokare shi da matashi biyu.

Daga nan ya koma Illo mai fenti. Ya sa na shanya 'ya'yan darar a rana na ɗan lokaci har katakon ya yi ɗumi, sannan na mai da su inuwa. Ya sa na zuba ruwa mai ɗumi a roba, ba mai zafi ba, sai da ya tsoma yatsa ya yarda, na tsayar da gwangwanin mai ƙyalli a ciki kamar minti goma. Na goge shi, na fara girgizawa. Duk lokacin da na tsaya sai ya buga cokali a hannun kujera. Sai da damtsena ya yi tsami ya ɗaga hannu.

Na nufi farantin, ya buga cokali da ƙarfi. Ya nuna wani guntun katako a gindin bango. Gwaji tukuna. Na shafa masa ɗan shuɗi, ya bushe, na fesa, muka jira. Ya fito garau. Sannan ya buɗe tafin hannunsa, ya gwada mini nisan da zan tsaya, taƙi ɗaya da ɗan ƙari. Ya nuna yadda hannu zai wuce, a fara dannawa kafin a iso kan abin, a saki bayan an wuce, sau ɗaya, shafe-shafe, kada a tsaya wuri guda.

Na ɗauki raƙumin farko, na manna gindinsa a kan sanda da ɗan ƙaro don kada in taɓa shi. Na ce bismilla, na wuce da feshin.

'Yan uwa, da idona na ga farin yana narkewa. Sabon bernin ya jiƙa tsohon, ya sake shi, shuɗin ya taso daga ƙasa, zanen siradi ya fito layi-layi kamar yadda na yi shi. Na yi tsaye da sanda a hannu ina jira ya sake yin fari. Bai yi ba.

"Baba, dubi! Dubi!"

Gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga. Ya nuna na gaba.

Ɗaya bayan ɗaya muka bi su. Ashirin da tara suka dawo. Uku sun ƙi, sarauniya ja da manoma biyu da suka fi kusa da ni ranar Laraba, berni ya taru a lungunansu ya yi kauri. Baba ya ce a kankare a sake. Na kankare manoman da takarda mai yashi na sake musu fenti nan take. Sarauniyar kuwa ban samu zuciyar goge ɗigonta ba, na bar ta da ɗan fari a naɗin zanenta.

Inna tana bakin madafa duk tsawon lokacin, hannunta cikin ƙullu. Sau ɗaya na ga ta juya baya ta goge ido da gefen kallabi.

Ana idar da la'asar na ji ƙarar babur. Na ruga ɗaki na zura doguwar rigar atamfa mai ganye-ganye, na ɗora hijabin nan mai ruwan zuma, ban ko tsaya kwalli ba. A zaure muke tsayawa kullum, bai taɓa taka tsakar gidanmu ba. Na ɗauki farantin zan fita, Baba ya buga cokali.

"Shigo... da shi."

Inna ta miƙe. "Malam, baƙo ne fa."

"Shigo."

Inna ta jawo mayafi. Na je zaure na faɗa wa Mas'udu. Yana sanye da shadda ruwan ƙasa, ƙafar wandonsa duk taɓon hanya. Ya zaro ido, ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya zo ya durƙusa gaban Baba har ƙasa.

"Baba, ina wuni? Ya ƙarfin jiki? Allah shi ƙara sauƙi."

Baba ya miƙa masa hannun hagu, ya riƙe nasa ya daɗe bai saki ba. Sannan ya nuna farantin. Mas'udu ya duba, ya sunkuya yana kallon raƙuman ɗaya-ɗaya.

Mushe nake ce masa, yadda ake kiran malaman lakwal a nan. Na ce, "Mushe, mai ƙyalli ne, ba wanda ka ce ba. Na ɓata su jiya, sun yi fari duka. Saƙon da na turo maka ƙarya ne. Baba ne ya gyara."

"Najiba, ko a Yamai ban ga irin wanga ba." Ya kai hannu zai ɗauka, Baba ya buge masa yatsa da cokali.

"Gobe," in ji Baba. Ba su gama bushewa ba, in aka naɗe su yanzu tsumma zai kama su.

Mas'udu ya yi dariya ya ce to, gobe zai dawo. Ya yunƙura zai tashi, Baba ya sake riƙe shi.

"Yaushe?"

"Gasar? Asabar ce, Baba, in sha Allahu."

Baba ya girgiza kai. Ya ɗaga cokalin ya nuna ni, ya nuna shi. "Yaushe?"

Ashe duk hirar zaure, da ta madafa ranar Talata, a kunnensa ake yi. Mun saba magana kusa da shi kamar ba ya nan.

Mas'udu ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya: canjin wurin aiki, Gure, Oktoba, da aiken kawunsa sau biyu. Da ya zo kan sau biyun, Baba ya juya ya dubi Inna. Ban taɓa ganin ya yi mata irin wannan kallon ba.

Inna ba ta ja da baya ba. Ta ce, "Ni na ce su dakata, Malam, kuma ban ɓoye ma Allah ba. In ta tahi, wa ka tada ka? Wa ka juya ka? Hwaɗa mini gaban yaron."

Baba ya yi ta kokawa da harshensa.

"Yusuf."

"Malam..."

"Yusuf... shi dawo. Ɗana ne." Ya huta, ya ja numfashi, ya dubi Mas'udu. "Kawu... gobe."

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Na dafa bishiya kawai. Mas'udu ya yi ta godiya. Da lokacin mai da Baba ɗaki ya yi, na matso da kafaɗata yadda na saba, sai Mas'udu ya ce, "Bari, Najiba." Ya ɗauke shi cak kamar yaro, ya kai shi gado, ya gyara masa matashi. Na tsaya tsakar gida hannuna biyu a sake, ban san inda zan sa su ba.

Bayan ya tafi na shiga madafa da murnata, ina so in rungume Inna in ce ta yafe mini. Na same ta zaune bisa kujerar tsugunno, wuta ta mutu a murhu ba ta kula ba.

"Jawo ƙofa," ta ce.

Na jawo.

"Yusuf ba shi zuwa."

"Inna, in Baba da kansa ya kira shi..."

"Ba shi zuwa, Najiba. Ya yi aure can tun bara waccan. 'Yar can ce, da shagonta, da danginta, har sun samu ɗiya. Ya kira ni ya rantsar da ni kada babanku ya ji, don bai nemi izininsa ba. Na roƙe shi ya zo ko na wata guda, ya ce in ya taho aikinsa ya tahi. Kin ɗauka ban nema miki hanya ba? Sau nawa na kira shi ina kuka, ke kina ɗaki kina fentin raƙuma?"

Na zauna ƙasa, bisa toka, da atamfata.

"Yaya Fadila ta sani?"

"Ta sani."

"Ni kaɗai ce ban sani ba."

"Ke da babanki. Ke ina tsoron ki karaya, shi ina tsoron abin da lokotoro ya ce. In jininsa ya sake hawa, ba mu san inda za shi tsaya ba."

Waya ta yi ƙara a hannuna. Mas'udu ne, ya tsaya a hanya ya rubuto: "Na kira Kawu. Gobe bayan Juma'a muna tahe, shi da mutum biyu. Najiba, yau ban san ko babur nake tuƙi ko tashi nake ba."

Daga ɗaki cokali ya fara bugun ƙarfen gado.

Na wanke fuska na shiga. Baba na kishingiɗe inda Mas'udu ya ajiye shi, fuskarsa da wani haske da na manta yana da shi. Ya nuna wayar da ke hannuna.

"Yusuf."

"Baba, yanzu yana wurin aiki. Mu bari sai..."

"Yanzu."

Na waiga. Inna na tsaye bakin ƙofa, ta dafa bango, tana girgiza mini kai a hankali. Baba kuma ya miƙo hannunsa ya riƙe gefen hijabina, yana jira.

Na ce a raina, Yaya Yusuf zai ɗauka, zai gaishe shi, zai ce to Baba, in sha Allahu, kamar yadda ya saba, mu samu ko kwana biyu ne mu yi tunani. Na nemo lambar, na danna. Baba ya nuna kunnensa, yana so ya ji da kansa. Na buɗe muryar wayar na ajiye ta bisa ƙirjinsa.

Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, sau huɗu. Aka ɗauka.

Kukan jaririya ne ya fara cika ɗakin. Sannan muryar mace, da wata Hausa mai karkata irin ta waɗanda suka koya da girma:

"Alo? Maigidana yana wanka. Wa ke magana?"

Hannun Baba ya saki hijabina. Ya juyo da kai a hankali, ba wurin Inna ba, wurina. Bakinsa ya buɗe.

"Uwata," ya ce. "Wa... ce?"